Littafin da Kaka Ta Wanke

Shekaranjiya na bi ta bayan kasuwar Bodinga zan je barkar jikar wata ƙawata, sai hanya ta biyo da ni ta rumfar masu wankin hula. Ɗayansu ya jiƙa ƙaro a wani tsohon bokiti yana motsa shi da kara. Warin nan mai ɗan tsami ya bugi hancina, sai kawai na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya daka mini tsawa. Ban ko tanka masa ba, ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba. A wannan tsayuwar ba a Bodinga nake ba. Ina can ƙauyenmu kusa da Lambara, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, durƙushe gaban mahaifina yana dama mini tawada.

Bari in gaya maka ko wane ne shi, mai karatu, tun da ba za ka taɓa ganinsa ba. Manomi ne, gero da damina, albasa a fadama da rani. Dogo ne siriri, maras yawan magana, amma in dariya ta kama shi sai ya nemi wurin zama. Bai taɓa shiga ajin boko ba, sai dai ajami yana karanta shi da gudu, shi ke rubuta wa maƙwabta wasiƙa in za a aika wa 'ya'yansu da suka tafi ci-rani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake kirana. Ita kuwa Kaka takwara take ce mini, kuma tun da na fara magana muke tsokanar juna. Ta ce na cika surutu, in ce gado na yi. Ta ɗauko muciya, in ruga bayan Baba.

Lokacin da aka sa ni firamare, siyasa na kan ganiyarta. Motoci masu lasifika na shigowa har ƙauyenmu, garin Shagari ya cika da gine-gine, kowa kuma ya san dalili, shugaban ƙasa ɗan garin ne. A makaranta kyauta ake ba mu littafin rubutu. Ni kuwa gaban littafin na malam ne, bayansa nawa ne. Duk abin da ya faru a gidanmu sai na zauna na rubuta shi a can baya: wa ya yi faɗa da wa, wa ya ɓoye ƙosai a hannun riga. Ranar da malaminmu ya gano, na sha bulala shida a tafin hannu saboda ɓarnar takarda. Na dawo gida ina hura hannu, Baba ya tambayi dalili, na faɗa masa ina jiran wani faɗan. Sai ya ce in karanta masa abin da aka dake ni a kansa.

Na karanta. Ya yi dariya har ya dafa bango. Daga nan ya karɓi littafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, “Uwata, rubutun ga naku mai tahiya da baya ba ni gane mishi. In labarin gidanga za ki yi, yi shi da wanda nika karantawa da idona.”

Ranin wannan shekarar a fadama na koyi ajami. In na kai masa abinci da rana, sai ya saki jigo ya zo gindin giginya, ya share ƙasa mai danshi da tafin hannu, ya zana baƙi da yatsa, ni ma in zana. Na riga na san baƙaƙen daga makarantar allo, abin da ban sani ba shi ne za a iya sa su su ce gero, su ce jaki, su ce Kaka ta yi fushi. Ranar da na gane haka ban ci abincin kirki ba don murna. Har yau in na ji ƙanshin ganyen albasa da aka yi wa ban-ruwa, yatsana na motsi.

Sai abubuwa suka juya. Aka shiga abin da rediyo ke kira tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, kananzir sai wanda ya san wani. Littafin kyauta ya tsaya a makaranta, na sayarwa kuma ya fi ƙarfinmu, har biro ya zama abin da ake ɗaura wa zare a rataya a wuya. Gine-ginen Shagari da yawa suka tsaya a iya taga, ciyawa ta fito cikinsu. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, amma a tukunyar Inna, mahaifiyata, ba mu ga bambanci ba. Ni kuwa na rasa inda zan yi rubutu, na koma zane a bangon ɗaki da gawayi, Inna na bina da tsumma da faɗa.

Wata ranar kasuwa Baba ya ɗora albasa a jaki ya tafi Shagari. Inna ta yi ta jaddada masa ko sabulu ɗaya ya nemo. Da la'asar sai ga shi da wani ƙaton ɗauri a bayan jaki. Inna ta fito da fara'arta, aka kwance, sai ga buhunan siminti, babu komai a cikinsu. A wani ginin da aka bari ya gan su zube, ya roƙi mai gadi ya ba shi. Sabulu kam bai samu ba. Kallon da Inna ta yi masa a ranar, da ni aka yi wa da na nemi hanyar waje, amma shi ko a jikinsa.

Yaran yanzu ba su san buhun siminti na takarda ba. Ninki-ninki yake, takarda mai kauri, ruwan ƙasa. Baba ya ɓare na waje mai tambari ya ajiye don kunna wuta, ya yar da na ciki mai garin siminti, ya zare na tsakiya wanda babu abin da ya taɓa shi. Ya goge kowane falle da ɗanyen tsumma, ya shanya, ya yanka daidai da wuƙar yankan ganyen albasa, ya danne su ƙarƙashin dutsen niƙa kwana biyu. Sannan ya ɗauko basilla da zaren ɗinkin buhu ya ɗinke gefe ɗaya. Ya daka gawayi, ya tace da ƙyalle, ya dafa da ƙaro, ya zuba a ɗan kurtu. Ya fiƙe mini alƙalami na gamba. Da ya miƙo mini duka ukun, bai yi wani dogon jawabi ba, cewa ya yi, “Ga gona, ga hauya.” Ya tashi ya tafi masallaci.

Kusan shekara guda ina cika wannan littafi. Na rubuta ranar da rijiyar fadama ta rufta da guga. Na rubuta yadda Baffa, yayan Baba, ya ɗaga hannu biyu zai gaida motar 'yan siyasa yana kan jaki, jakin ya firgita ya zubar da shi cikin kwatar ban-ruwa. Amma labarin da ya fi kowanne tsawo na Kaka ne da jar akuyarta. Kaka gwanar yin gabu ce, wato ganyen albasa da ake dakawa a dunƙula a shanya don miya. Akuyar nan kuwa ta ɗauki gabun Kaka tamkar don ita ake yinsa. Kaka ba ta dukanta, zaunar da ita take ta yi mata nasiha, ta tuna mata uwarta akuya ce mai mutunci, ta tambaye ta wa ta biyo. Akuya na tuƙa tana kallonta. Ni kuma ina bayan rumbu ina haddace komai.

Bayan la'asar Baba ke karantawa, a inuwar rumfar da muke ajiye albasa. Kada ka ɗauka yabo kawai yake yi. Yakan ɗora yatsa ya ce nan na yi gaggawa, ko ya ce Kaka ba haka take faɗin kalmar ba, in koma in saurara da kyau. Sau ɗaya na ƙara gishiri a labarin Baffa, na ce har rawaninsa ruwa ya tafi da shi. Baba ya sa na goge. Ya ce kada in ƙara wa mutum abin da bai yi ba, wanda ya yi ma ya isa. A lokacin haushi na ji, don wurin rawanin ya fi ko'ina daɗi.

Mu biyu kaɗai muka san abin da ke ciki. Baffa malami ne mai tsanani, shi ke ba da karatu a zauren gidanmu, kuma a wurinsa baƙin da aka rubuta Alƙur'ani da shi ba abin wasan yara ba ne. Baba ya san ra'ayin yayansa, ba ya son jayayya da shi, sai ya zaɓi shiru. Da damina ta kawo kai, ɗakinmu na yoyo, gara kuma ta tashi, sai ya naɗe littafin a wani ƙyalle ya sa cikin gafakarsa, jakar fatar nan da yake ajiye littattafansa na addu'a, ya rataye a bangon ɗakinsa. Ranar nan kaina ya yi girma ƙwarai. Ban san wannan ajiyar ce za ta jawo abin da ya faru ba.

A tsakiyar daminar nan ciwo ya kama Baba. Da farko kasala ce, sai idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce. Aka ɗauke shi a mota aka kai shi asibiti, aka duba shi, aka rubuta magani, aka ce a je a nemo, don zamanin nan ko'ina ka je amsar ɗaya ce: babu. Aka dawo da shi gida. Mutumin da ke wuni yana jan jigo ya koma ba ya iya ɗaga buta. Kullum da safe Baffa zai rubuta ayoyin neman sauƙi a allo, Kaka ta wanke a ƙwarya ta ba shi ya sha. Wannan aikin ba ta yarda kowa ya karɓe mata ba.

Ya kamata ka san wani abu game da Kaka. Sallarta ba ta wuce ta, addu'o'i cike da kanta, amma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. A wurinta duk abin da aka rubuta da baƙin Larabci sunan Allah ne. In ta ga guntun takarda a ƙasa sai ta duƙa ta ɗauka ta soke a jinkar ɗaki, ko da kuwa takardar ƙunshin shayi ce. Kuma ta daɗe tana ba mu labarin wasu tsofaffin takardu na marigayi mijinta, kakanmu, waɗanda ta ce babu ciwon da ba a sha su a kansa ba.

Ranar da abin ya faru, Baffa ya yi sammako ya tafi Shagari, an ce masa wani mai kanti ya samo maganin da ake nema. Saurin da yake yi bai bar shi ya rubuta allo ba. Ni kuma aka ɗora mini ƙwaryar fura in kai gona, inda maƙwabta suka yi gayya suna nome wa Baba geronsa. Hantsi ya yi, rana ta ɗaga, Kaka na kallon ɗanta kwance bai sha rubutu ba, hankalinta ya kasa kwanciya. Sai ta tuna takardun mijinta. Ta sauko da gafaka, ta laluba, hannunta ya faɗa kan wani abu naɗe a ƙyalle. Ta buɗe ta ga takardu masu kauri, ruwan ƙasa, cike da baƙin rubutu. Me kake tsammani za ta ɗauka? Ta warware zaren a hankali, ta ɗebo ruwa, ta yi bisimilla.

Na shigo gida gab da azahar ina 'yar waƙata. Abin da na fara gani shi ne zanan da ke gaban ɗakin Baba, an jera masa takardu jiƙaƙƙu, falle-falle, an soke kowanne da tsinke. Na ɗauka idona ne. Na matsa. Na ga ramukan basilla a gefe, na ga wurin da wuƙar Baba ta karkace a falle na uku. Babu rubutu a kansu, sai wani dishi-dishi kamar an goge bango. Ƙwaryar da ke kaina ta faɗi, ban ji faɗuwarta ba. Na leƙa ɗaki, ga Kaka zaune ta tallafo kan Baba da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙwarya, ruwan ciki baƙi ƙirin, ya sha kusan rabi.

Da ina da hankalin manya da na yi shiru. Na sha gaya wa kaina haka shekaru da yawa. Amma bakin nan nawa ya riga ni. Na kurma ihu, “Kaka, littahina na! Ba addu'a ba ta, labarin akuya na!”

Inna ta fito daga madafa da gudu. A daidai lokacin Baffa ya yi sallama, ya dawo hannu wofi, ga gajiya ga ɓacin rai. Ya tarar ina birgima a ƙasa, Kaka ta daskare da ƙwarya a hannu. Falle ɗaya ya rage a kan tabarma wanda ba ta kai ga wankewa ba. Baffa ya ɗauka, ya gyara murya irin ta mai karatu, ya fara da ƙarfi kafin ya san abin da yake karantawa. Sai muka ji muryar malamin gidanmu, wadda muka saba ji da ayoyi, tana cewa akuya ta ɗaga kai ta dubi tsohuwa ta ci gaba da tuƙa. Ya tsaya. Ya sake duba takardar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba.

“Wa yar rubuta wanga?” in ji Baffa. Ya juyo kaina, ya ce da baƙin Alƙur'ani nake wasa, kuma cikin gafaka, tare da littattafan addu'a. Ya ce a kawo alƙalamin da kurtun yanzun nan, a karya, a ƙone takardun, kuma muddin yana raye ba zan sake riƙe alƙalami a gidan nan ba sai na allo.

Faɗan Baffa bai tsorata ni kamar muryar Kaka ba. A hankali ta yi maganar, tana kallon ƙwaryar: “Ashe tatsuniya nib ba ɗana yash sha?” Ta dube ni, kuma a idonta babu takwara, babu wasa.

Sai muka ji motsi. Baba, wanda ya yi kwanaki sai an tayar da shi, ya dafa bango ya zauna da kansa. Ya daɗe yana mayar da numfashi. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi ƙwaryar. Kaka ta ƙi saki, ya zare ta daga hannunta a hankali. Ya dubi yayansa ya ce, “Yaya, ba ƙarya ciki, na karanta shi dut. Ni nis sa ta, ni nis sa shi gahwaka, in laihi na, nawa na. Hannun ɗiyata yar rubuta, hannun uwata yaw wanke.” Ya yi bisimilla ya kafa kai. Muna tsaye muna kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka, Inna ta toshe baki da gefen mayafi. Bai sauke ƙwaryar ba sai da ya shanye, har gawayin da ya kwanta a ƙasa.

Ya goge baki, leɓensa baƙi. Ya ce wa Baffa, “Alƙalamin ga amana ta gare ka. Kar a karye shi.” Sannan ya koma ya kwanta, ya rufe ido. Ni dai ina nan durƙushe a ƙofar ɗaki, na kasa kuka, na kasa tashi, har aka kira azahar.

Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, ana yayyafi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ka san ƙauye. Kafin a yi sadakar uku labarin ya zaga. In na je rijiya sai hira ta tsaya. Wata tsohuwa ta faɗa, ba ta ko rage murya ba, cewa maras lafiya da aka shayar da tatsuniya ina zai tashi. Malamin asibitin da ya zo gaisuwa ya gaya wa Baffa a zaure cewa hantar ta riga ta lalace tun kafin a kai shi, gawayi da ƙaro ba sa kashe kowa. Na ji da kunnena ta bayan zana, amma bai shige ni ba. Ni a raina na gama yanke hukunci: ni na kashe ubana, da hannuna, da surutuna. Baffa ya cika amana, bai karya alƙalamin ba, ya ɗauke ya ajiye. Da ma bai wahalar da kansa ba, don ko a ƙasa na daina zane. In na ga gawayi sai in kau da kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta daina ce mini takwara. In za ta aike ni sai ta ce “ke”, tana kallon wani wuri. Ta daina yin gabu, ta daina yi wa akuya magana. Inna na cikin takaba, ba ta da ƙarfin sasanta kowa. Gida ɗaya muke kwana muna tashi, ni da tsohuwar nan, kowa na ganin shi ya yi kisan, kuma kowa ya kasa duban ɗan'uwansa.

Bayan sadakar arba'in da kwana biyu, da hantsi, ina shara, sai na ji ta ce, “Ke, taho.” Na shiga ɗakinta. Ta ɗaga tabarmarta. Ga takardun nan duka a ƙasa, a jere, sun bushe, nauyinta ya miƙar da su. Ashe ranar da kowa ya ruɗe ita ta koma ta tsince su daga zana kafin Baffa ya tuna da maganar ƙonawa, kuma a kansu take kwana tun ranar. A gefe ga kurtu cike da sabuwar tawada, ita ta daka gawayin, ta yi kauri da yawa. Ga kuma alƙalamina. Da kanta ta je zaure ta karɓo daga hannun Baffa.

“Mai da abin da niw wanke,” in ji ta. “Ina son in ji abin da ɗana yash sha.”

Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina rubutu a ƙofar ɗakinta, tana zaune tana kaɗi tana gadina. Takardar ta yi laushi, tawada na bajewa. A nan wani sabon tashin hankali ya same ni: na ɗauka na haddace littafina, ashe ban haddace ba. Labarin na nan, amma kalmomin sun tafi. Wurin da Baba ya ɗora yatsa ya ce in gyara, na tuna ya ce in gyara, na manta yadda na gyara. Ina rubutu ina kuka, ina goge hanci da bayan hannu, har fuskata ta yi baƙi. Kaka ba ta lallashe ni ba ko sau ɗaya, in na tsaya sai ta buga mazari a ƙasa.

Ranar da na gama ta sa aka shimfiɗa tabarma a rumfar albasa, inda Baba yake zama. Na fara karantawa murya ƙasa-ƙasa. Ta ji na rijiya ba ta motsa ba. Ta ji na Baffa da jaki, na ga gefen bakinta ya ɗan motsa. Da na iso kan akuya, na karanta inda na ce ta cinye gabu ƙwarya guda, sai tsohuwa ta ɗaga hannu. “Ƙarya kike! Tabarma guda tac cinye, ɗiyar banza, har da tabarmar tat tauna!” Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har tana tari, daga cikin ɗaki na ji Inna ma ta kasa riƙe tata. Rabon gidanmu da wannan sautin tun kafin damina ta yi nisa.

Dariyar ce ta juye ta zama kuka, ban san a ina ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Da ta lafa, ta share ido da gefen zane, ta tambaye ni ko Baba ya yi dariya lokacin da ya karanta. Na ce har da hawaye, har sai da ya kwanta a kan buhu. Sannan ta ce, “To, alhamdu lillahi. Ashe da dariya nis sallame shi.” Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta ce, “Gyara wurin tabarmar ga, takwara.”

Yau in na je ƙauyenmu da ƙyar nake gane shi. Injin ban-ruwa ya kori jigo, rumfar albasa ta zama shagon cajin waya, Kaka da Baffa da Inna duk sun bi Baba. Yaran gidan da babban yatsa suke rubutu, su goge, su sake, babu wanda ya san wahalar falle ɗaya. 'Ya'yana mata sun yi karatu fiye da ni, amma in na buɗe musu takardun nan sai su yi ta juya su, ba su iya karanta ajami ba. Suna ta matsa mini in mayar da shi boko su sa a waya, ina ta ce musu sai an kwana biyu. Na yi rubuce-rubuce da yawa tun daga lokacin, an buga wasu, an karanta wasu a rediyo, kuma duk wanda ya zo hira da ni sai ya roƙi in nuna masa littafina na farko. Nakan ce ba ya hannuna, sai su ɗauka rowa ce. Wanda ke cikin akwatina na biyu ne, kuma har gobe ban san ko ya yi daidai da wancan ba. Na farkon mutum ɗaya ne ya karanta shi duka, kuma da shi aka binne shi, can gabas da gari.